Hadarin Shafi na Sha Biyu

Litinin, 3 ga Yuni 2024
Sufeto Sidi zai zo lakwal, makarantarmu ta Urafane, ran Alhamis ya ga darasina. In ya sa hannu, in zama malami na dindindin. In bai sa ba, shekara ta bakwai ke nan a kwantiragi. Na gaji, wallahi.
Darasin: fassara hoton tatsuniya, shafi na sha biyu. Yarinya na gudu a daji, sama ta yi baƙi ƙirin. Littafin jagora ya ce baƙin sama alamar tsoro ce. Shi ke nan, su haddace.

Talata, 4 ga Yuni
Na tambayi ajin me yarinyar ke ji. Safa, 'yar makiyayan bayan gari, ta ce murna. Wai hadari ya haɗo, tana sauri ta kai albishir gida. Duk suka goya mata baya. Na ce tsoro. Ta ce, "Malam, wa ke tsoron ruwa?" Shanunsu biyu sun faɗi watan jiya saboda fari, na sani. Na sa su maimaita "tsoro" sau goma. Kaina kamar ya tsage.

Laraba, 5 ga Yuni
Zafi. Ko gajimare babu. Sun dai iya "tsoro".

Alhamis, 6 ga Yuni
Sufeto ya zo, ya zauna baya da kayensa na rubutu. Na tsallake Safa da gangan, na nuna Rukaiya. Ta ce "tsoro" tana kallon ƙasa, kamar wadda aka sa shaidar zur. Da na ja bakina da an wuce wurin. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce, "Ke fa, Safa?"
Ta taso ta ɗora yatsa kan hoton. Wai ga zanen da yarinyar ta ɗaura, iskar gaban ruwa ta ɗaga shi. Kuma ba ta waiwaye, mai tsoro kuwa waiwaye yake. Na rubuta amsoshin biyu a allo.
A bakin ƙofa ya ce, "Malam Misbahu, ai ka bar jagora. Sai baɗi." Bai sa hannu ba.

Litinin, 10 ga Yuni
An yi ruwa jiya. Yara huɗu kaɗai a aji, sauran sun tafi shuka. Har yanzu ina jin haushin kaina, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Na buɗe shafin ba don komai ba. Da gaske ba ta waiwaye.
Na ɗauki fensir in soke "tsoro" a jagora, sai na tuna fensir na goguwa. Na ɗauki bik mai tawada.