Injin da Malam bai ji ba

Laraba, goma da kwata na dare, masaukinmu a Goronyo.

Kwanana uku ina riƙe wa Malam Hassan makirufo, aikina na farko bayan jami'a. Ya tsufa yana ɗaukar sautin fim, har lambar yabo gare shi.

Yau a gonar albasa, ƙarar injin ban-ruwa ta shiga maganar 'yan wasa sau huɗu. Malam ya saurari sautin da muka ɗauka, ya ce, "Tsaf yake." Da ya ga fuskata ya ce, "Mi kika ji, ɗiyata?"

Na ce ba komai. Da asuba za mu bar garin, ba damar sake ɗauka.

Ban sani ba ko jinsa ne ya ragu, ko ya sani, ko darakta zai sallame shi in na faɗa. Ko kuwa gwada ni yake yi.