Karen Ya Zo, Ita Ba Ta Zo Ba

Daren Laraba, unguwar Wangsa Maju

Auta, rubuta yadda na faɗa, ban da gyara.

Wata huɗu ke nan kullum muna zaga dajin bayan gidajen nan, ni da wata tsohuwa 'yar Caina da karenta. Ba ma jin yaren juna, sai dai mu yi haki tare a hawan tudu.

Yau wani magidanci ne riƙe da igiyar karen. Na kwatanta masa tsayinta da hannu. Ya yi ta magana, idonsa jawur, ban gane komai ba.

Na duƙa na ce wa karen, "Kai, ina uwar ɗakinka?"

Tunda nake ban taɓa shafa kare ba sai yau.

Gobe ki raka ni ki tambayar min. Ko sunanta ban sani ba.