Fayafayan Marigayi Ping Yiu

Hong Kong, 9 ga Afrilu

Yaya Ping Kwan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Penang. Ni dai ba lafiya ba. Jiya 'yan kwastan suka dira a shagona na fina-finai, suka kwashe sababbin fayafayan da ka aiko wa ƙanenka, marigayi mijina. Daga gaban hotonsa da ke cikin shagon fa suka ɗebe su, inda nake kunna masa turare ina ajiye lemo! Wai kamfanin da ke da izinin sayar da su a nan bai fito da nasa ba, don haka duk wanda ya shigo da su daga waje ya kasa a shago, ɗauri ne. Na ce na asali ne, ba jabu ba. Suka ce wannan bai dami doka ba. Kai jama'a! Da furfurata za a kai ni gidan yari?

Ƙanwarka,
Sau Lan

Penang, 21 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Sau Lan,

Bayan gaisuwa da girmamawa, wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Ni na jawo miki. Kin san Ping Yiu ba ya yarda wani ya riga shi kallon fim, shi ya sa duk shekara nake aiko masa kafin bikin sharar kaburbura, lokacin da muke kai wa mamatanmu kyauta. Shawarata, ki amsa laifi ki roƙi sassauci. Kotu ba ta san zumunci ba, abin da ta gani a shago haja ce. Ki rage zafin kai, ki bar bakin nan naki ya huta.

Yayanki mai neman afuwa,
Ping Kwan

Hong Kong, 3 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. In amsa laifi? Wallahi ko kusa! Zauna ka sha labari.

A kotu suka kawo jami'in da ya kwashe fayafayan, ya rantse cewa a kan kanta ya same su cikin shago. Ni kuwa na ga abin da ya yi ranar, na kuma faɗa wa lauyata. Ta miƙe ta ce wa jami'in, "Kafin ka ɗauka, me ka yi?"

Mutumin nan ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi jawur. Alƙali ya ce ya amsa.

"Na rusuna wa hoton sau uku."

"Ka ce me?"

"Na ce, Kawu ka yi haƙuri, aiki ne ya sa."

"Ka taɓa ba wa kayan sayarwa haƙuri? To, da an saka musu farashi, za ka saya?"

"Abin da aka ba mamaci? Ko kyauta ba zan shiga da shi gidana ba!"

Kotu ta kwashe da dariya, lauyan gwamnati ya dafe goshi. Alƙali ya sa aka miƙo masa faifai ɗaya, ya shafa, tokar turare ta maƙale masa a yatsa. Ya ce wannan ba haja ba ce, ya sallame ni. Yaya, na yi kuka, na yi dariya, na fito ina taku ɗai-ɗai ta gaban mutanen kamfanin don su gan ni da kyau.

Taka,
Sau Lan

Hong Kong, 20 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa. Jami'in nan da kansa ya dawo da fayafayan, har da lemo guda uku. Na mayar da su gaban hoton. Sai dai ka san halin ƙanenka, yanzu kamfanin ya fito da nasa, duk gari an riga shi kallo.

Aiko sababbi.

Sau Lan