Ni Na Zare Wayar, Malam

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san babu mai kai maka wagga takarda, kai kuma ba za ka karanta ta ba. Amma shekara talatin ban taɓa yin ɓarna a gidanga na ɓoye maka ba, ba kuwa yanzu zan fara ba.

Gida lafiya lau. Gero ya fitar da kai a gonar Dingyadi, ƙanenka Umaru ke dubawa. Manoman Lambara sun zo gaisuwa har sau biyu, suna cewa ba su san wa zai riƙa gaya musu lokacin yafa irin albasa ba. Autarmu Safiya cikinta ya tsufa, an hana ta hawa mota daga Shagari. Ni kuma saura kwana ashirin in fita takaba.

To ga ɓarnar. Ranar Laraba ina ɗinki, sai na nemi muryarka a cikin kaina na rasa. Fuskarka na nan, tarinka na nan, amma yadda kake furta magana ya ɓace mini. Wallahi na tsorata. Wayarka ta faɗa rabon Umaru, ya riga ya goge komai. Sai na tuna da bayanan da kake ɗauka da bakinka kana tura wa manoma, waɗanda ka adana cikin kwamfutarka. Na yaye zanen da na rufe ta da shi tun ranar da sunka ɗauke ka, na jona ta, na kunna.

Ashe tun kafin ka kwanta ciwo ta jawo wani sabon abu da za ta sabunta kanta da shi. Ta hau ƙirga, ɗaya bisa ɗari, biyu bisa ɗari, da wani rubutun Turanci a ƙasa. Tana kan talatin hadari ya taso daga gabas, aka yi tsawa. Wa ya koya mini in zare duk wayar wuta idan an fara tsawa? Ba kai ba ne? Na tashi da saurina na zare. Na manta batirinta ya mutu tun bara. Ɗif ta ɗauke. Daga baya na ji cewa rubutun nan roƙona take kada in kashe ta.

Da ruwa ya tsaya na sake kunnawa, sai fuskarta ta yi shuɗi, ta nuna wasu haruffa, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Haka ta yini. Ba ni da ikon fita, don haka Umaru ya kai ta kasuwar Bodinga. Mai gyara ya aiko cewa abu mai sauƙi ne, zai wanke ta tas ya zuba sabo. Na tambayi abin da ke ciki fa, aka ce sai haƙuri. Na ce a dawo mini da kayana kafin in yi abin da mai takaba ba ta yi.

Na kira Safiya ina kuka. Ɗiyar taka ce sak, ba ta ruɗe ba. Ta ce in karanta mata haruffan ƙasa, can ne cutar take. Su kuwa ba su tsayawa, kafin in kama uku sun wuce, ga wayata ba ta hoto. Sai na ɗauko allin ɗinki da baƙin ƙyalle. Duk tashin da ta yi in kwafi uku ko huɗu, har sunka cika. Da ka gan ni da tabarau a kan hanci ina kokawa da Turanci, da ka yi dariya har ka ƙware.

Safiya ta ce in danne maɓallin kashewa da zarar ta fara tashi, har sau uku, sai ta buɗe wurin gyara. Ya buɗe kuwa. Munka fara da wanda ke sa ta gyara kanta, ta yi ta juyi ta ce ta kasa. Saura wanda ke cire sabon abin da ya shiga rabi. A kan hanyarsa akwai wani layi da ke goge komai, yarinyar nan ta sa na karanta mata kowane harafi kafin in taɓa. Na yi bisimilla kamar ranar da na fara yanka shaddar mutane. Na danna bayan azahar. Na zauna ina jan carbi ina roƙon kada wuta ta ɗauke, sai bayan la'asar hoton gonarka ya fito.

Na buɗe bayanin farko da hannuna ya faɗa a kai. Ga ka, Malam, kana bayanin yadda ake ɗaga kwamin iri don kada ruwa ya kwanta. Can sai na ji wata mata daga tsakar gida tana ta faɗa, wai tuwo ya huce, wai a gidanga na'ura ta fi mutum daraja. Ni ce. Mi ya sa ban taɓa gaya maka cewa sau da yawa ina tsaye bakin ƙofa ina saurarenka ba, don daɗin maganarka nake ji? Ka yafe mini.

Ka ba manoma haƙuri ka ce an kira ka, ka tashi ba ka kashe ɗaukar ba. Na ji takunka, na ji buɗe kwano, na ji bisimillarka. Muna ta hirar akuyar maƙwabta da ta cinye mini wake, kana kare ta kamar lauyanta, ni kuma ina ƙyalƙyala dariya har da tari. Na nemi muryarka na samu, Alhamdu lillahi. Waccan dariyar tawa ce ban san inda zan same ta ba.

Sai wata rana, Malam. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu inda ba rabuwa.

Iyalinka,
Uwar Safiya, daga Bodinga