Kada Ka Sallama Uwar Maƙera

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, kai da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau. Da jaka ɗaya na zo, yau makullin shagon walda a hannuna yake, ban roƙi kowa ba. Sai dai aikin inji ne, kowa ya toshe kunne, a wuni ba mai ce maka sannu.

Lokacin hutu nakan karanta wani labari a waya, na maƙeri a ƙasar aljanu. Ba yaƙi a ciki, ƙira kawai yake, maƙwabta na zuwa hira. Idan yana son abokin aikinsa ya sauke guduma, sai ya ƙwanƙwasa uwar maƙera sau biyu, yadda marigayi Baba yake mana. Jiya na yi wa teburina haka. Ba wanda ya ɗago.

Na ji mai sayen tsohon ƙarfe ya taya uwar maƙerar Baba. Don Allah kada ka sallama. Ni na ce ƙira ba ta riƙe gida, kuma ban janye ba. Ka dai rufe ta da buhu saboda ruwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka