Ba a Tashi Sai an Karɓa

Zuwa ga mijina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, raɓar da ke jiƙa zuciyata kowace safiya, mai muryar da jirage ke bi su sauko lafiya.

Sallama gare ka, irin wadda nisan hanya ba ya gajiyar da ita. Ina fatan takardar nan ta same ka bayan ka sauko daga hasumiyar filin jirgi, ka cire takalmi, ka sa wani abu a cikinka, don maganar da ke ciki ba ta mai jin yunwa ba ce.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kana cinye ni. Da ka sassauta murya ka ce in saurare ka, sai duk abin da na shirya ya narke kamar gishiri a ruwa. Mutumin da matuƙan jirgi ke yi wa biyayya, ina ni ina ja da shi a waya? A rubuce kuwa ba ka da maɓallin katse ni.

Jiya ka ce hedkwata sun sake dawo maka da buƙatarka ta canjin wurin aiki. Ka ce ƙa'ida ce: ba za a saki kowa daga hasumiyarku ba muddin yawanku bai kai adadin da aka yanka ba, kuma ko an turo wani, sai ya yi watanni a gefen ɗayanku kafin a ba shi lasisin filin, a lissafa shi cikin ma'aikata. Sai ka ce ka gaji. Za ka rubuta takardar ajiye aiki, ka dawo gida, ka zauna da Yayana a shagonsa na tayoyi. Ka ce saboda ni ne.

Ya rabin raina, ka san ni da littattafan soyayya. Ka san akwatin da ke ƙarƙashin gado, wanda ka ce ya fi injin janareta nauyi. A cikinsu sau nawa jarumi ya watsar da mulki da muƙami saboda mace ɗaya, ni kuwa na jiƙa matashi da hawayen daɗi? Har na taɓa tambayarka ko za ka iya haka domina, ka yi dariya ka ce sai dai idan an samu mai karɓarka a aiki, na wuni ina kumbura baki. To yau ga shi ka miƙo min abin da na yi ta mafarki, da hannu biyu, ni kuma na ce ba na so. Marubutan nan suna rufe littafi ne a ranar da jarumi ya yi watsi da komai. Ba su taɓa nuna mana shi bayan an kwana biyu ba, yana zaune a benci, duk jirgin da ya gifta sai ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace.

Ka tuna wata rana da damina, kafin a ɗauke ka daga nan, da ka ce in zo filin jirgi idan ka tashi aiki mu fita yawo? Na sa sabuwar rigata mai ruwan toka, na zauna a mota a gindin hasumiya. Hadari ya haɗo, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ruwa ya kece. Lokacin tashinka ya yi, ya wuce, ba ka sauko ba. Na kira wayarka, tana kashe a aljihun tebur kamar yadda dokarku ta ce. Na ci kuka, kwallina ya zubo, na shirya maka maganganu masu zafi na jera su ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin haka na hangi fitilun wani jirgi suna huda ruwan, yana tangaɗi kamar tsuntsun da iska ta fi ƙarfinsa, har ƙafafunsa suka taɓa titi, ruwa ya yi feshi ta ko'ina. Can sai mutane suka fara fitowa. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana shafa fuskar jikanta, tana godiya ga Allah, tana sa wa matuƙi albarka. Ba ta san akwai ka ba.

Da ka sauko a jiƙe ka ce min mai karɓarka ne ruwa ya tsare a hanya. Ka ce a wurinku ba a tashi daga kujera don agogo ya buga. Sai wani ya zo, ya sa na'urarsa a kunne, ka lissafa masa kowane jirgi da ke hannunka, ya buɗe baki ya ce, "Na karɓa." Kafin nan, ko gobara ake a gidanku, kujerar taka ce. Na juya maka ƙeya a ranar don kada ka ga na huce da wuri, amma yau zan faɗa maka: a cikin motar nan na sake faɗawa sonka, faɗuwar da har yanzu ban taɓa ƙasa ba.

To wa ya ce maka "na karɓa" yanzu, sahibina? Wa za ka bar wa kujerar? Abokan aikinka da ka ce idanunsu sun yi ja don rashin hutu, su za su raba dutinka a tsakaninsu? Kuma in ka bari lasisinka ya mutu, da wace fuska zan dubi mutumin da na raba da sama?

Kada ka zaci ba na jin jiki. Wallahi ina ji! Gidan nan ya zama rijiyar da ruwanta ya ƙafe, in na yi magana muryata ce ke dawo min. Ina dafa abincin mutum biyu in tuna ni kaɗai ce. Rigarka ta aiki da ka manta a bayan ƙofa, na ƙi wanke ta har ƙamshinka ya gudu ya bar ni da yadi. Har halinka da ke ba ni haushi nake kewa: in aike ka kasuwa, ka tsaya ka maimaita min, sabulu, albasa, maganin sauro, kamar yadda matuƙi ke maimaita maka umarni don a tabbatar an ji daidai. Ashe duk duniya babu mai saurarona kamar kai! Kewarka ta cika ni kamar kogin da ya tumbatsa, amma ba zan bari ya cinye gonarka ba.

Yau da safe na je wurin tsohon oganku, wanda kuke kira Hadari saboda fuskarsa ba ta washewa. Na tambaye shi ko akwai wata ƙofa. Ya ce babu, ƙa'idar ba ta san ango ba, ba ta san mai jego ba, shi ma ta taɓa riƙe shi a wani fili har 'yarsa ta fara tafiya ba ya nan. Na ce to ita ƙa'idar ta hana mace bin mijinta? Ya dube ni ta saman tabarau, ka yarda ko kada ka yarda, ya yi murmushi. Ya ce wannan kam ba a rubuta ba.

Saboda haka ina zuwa.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa. Ɗaki ɗaya ne a kwatas, famfo sai ya ga dama, ƙarar jirgi ba ta barin mutum ya rintsa, ba ni da kowa a can. Ina da kai, kuma ina da bokiti. Na yi wa shugabar makarantarmu magana, ta ce yaran ajina za su yi kuka, amma duk inda akwai yara akwai aikin malama. Umma da ta ji, sai ta tashi ta fara naɗe min labule. Hajiyarka ta ce in je in gani ko kana cin abinci, don a hoton da ka turo wuyanka ya yi tsawo. Shi kuwa Yaya da ya ji batun shago, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce mutumin da tayarsa ta yi faci ya tsaya karanta littafin mota, in taimaka in riƙe abina, kada ka kore masa masu ciniki.

Saura abu ɗaya. Ka san ban taɓa shiga jirgi ba, ka san ko lilo aka ɗaga ni sai na rufe ido. Amma na yanki tikitin jirgin da ke sauka wurinku ranar Asabar da hantsi, kuma da gangan na zaɓe shi, don ka ce min satin nan aikin safe kake. Zan zauna kusa da taga, ina addu'a. Ba zan ji ka ba, na sani, matuƙi ne zai ji ka. Amma zan san muryar da ke jan mu zuwa ƙasa ita ce wadda ke kiran sunana a gida, kuma da wannan kaɗai zan iya buɗe ido. In ka miƙa takardar ajiye aikin nan kafin Asabar, ka sani matarka ka bar wa wani ya sauko da ita.

Ga umarnina, daga hasumiyata zuwa taka. Ka yaga takardar ajiye aiki. Ka share ɗaki, ka nemo katakon da zan jera littattafaina, don akwatin yana tafe. Ranar Asabar ka zauna a kujerarka. Kada ka sauko tarbata, kada ka roƙi kowa ya riƙe maka. Zan ja jakata in zo gindin hasumiya in zauna, da rigar nan mai ruwan toka, ko ruwa ake ko rana, har sai wani ya ce maka ya karɓa.

Idan ka gama karantawa ka kira ni. Ba na son rarrashi, ba na son musu. Ka maimaita min kawai, ɗaya bayan ɗaya, in tabbatar ka ji daidai.

Taka a sama, taka a ƙasa, taka a duk filin da ƙa'ida ta ajiye ka, har ranar da numfashi zai ƙare,

Matarka.