Tantabarun Baba a Aji

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Gara ki ji daga bakina. Makaranta ta sallami Yaya Malam, Baba kuma ya hana shi shiga gida.

Tantabarun Baba ya ara ya kai aji, mai wutsiya kamar mafici da mai gashi a ƙafa. Darasin yana cikin littafin da makarantar ta ba shi da hannunta. Wai wani Bature mai kiwon tantabaru ne ya lura iri yana sauyawa in ana zaɓen waɗanda za a haɗa, sai ya ce haka halittu suka yi ta sauyawa tun fil azal. Yaya ya nuna wa yara kejin, ya ce ga aikin babansa. Kafin maganar ta kai bakin titi ta zama wai kakanmu biri ne, Baba kuma yana yi wa Allah gyaran halitta.

Mai kantin maganin unguwarmu ne ya ja iyaye zuwa ofis. Shugaban makaranta, da ya raba littafin, ya rantse bai san da darasin ba. Yanzu yara in sun hango Yaya sai su hau sosa hammata.

Karatuna bai kai in san gaskiyar Baturen ba. Na dai san Yaya ba ya fashin salla. Ya ce min shi bai ce babu Mahalicci ba. Baba ya ce sai ya tsaya gaban jama'a ya ce ƙarya ya koyar, Yaya kuma ya ce ba zai iya ba.

Ki kira Baba, yana jin taki.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Na gode da kiran, ko da yake bai yi amfani ba.

Baba ya sa na cire katakon da ke raba kejin, kowane iri ya cakuɗe da kowane. Aikin ware iri da ya fara tun ba a haife ni ba ke nan ya rushe. Mai kantin magani ya yaba masa, sannan ya ja ni gefe, wai ko Yaya zai koya wa ɗansa darasin a ɓoye, tunda yana fitowa a jarrabawa.

Yaya ya sami aiki a nesa. Jiya ya zo bankwana, ya tsaya a ƙofa yana ta sallama. Baba ya ƙara muryar rediyo. Umma ta fito da tsintsiya tana share inda babu datti, don ta gan shi.

Ni na raka shi tasha. Da na dawo, Baba ya tambaye ni, idonsa a ƙasa, ko motar mai lafiya ce. Na ce ban duba ba.

Na duba, Yayata, har tayoyin. In Baba yana son sani, ƙofar ba ta da nisa da kujerarsa.

A gaida yara.

Ƙaninki,
Auta